Nauyin da Madugu Ya Sauke wa Gidansa

Da hannuna na ba shi auren ƙanwata, don haka duk mai son zagin mutumin nan sai ya bi layi a bayana. Madugu muke ce masa a gareji, har sunan ya danne nasa na gaskiya. Ni kuwa Kawu kowa ke ce mini, tun daga 'ya'yansa har direbobin da suka girme ni.

Aikinmu ɗaukar kayan da mota ɗaya ba ta iya ja: injinan ba da wuta, tukwanen masana'anta, ƙarafan gada. Kaya ne da in aka ɗora su a doguwar tirela mai taya sittin da huɗu sai su cinye titi gaba ɗaya har su leƙa gefe. Kai biyu, wato motocin ja, ke a gaba, an haɗa su da sandar ƙarfe, na uku yana turawa daga baya. Ni ne na bayan. A can gaba akwai ƙaramar motar rakiya mai jan ƙyalle da jiniya, da mutum biyu masu dogayen sanduna da ke ɗaga wayoyin wuta mu wuce.

Direba uku ne, amma dole ƙafafunsu su taka totur a lokaci guda. In na gaba ya ja kafin na baya ya tura, sanda ta tsinke. In na baya ya riga, tirela ta naɗe ta kwanta a kan duk wanda ke kusa. Shi ya sa ake da madugu, mutum ɗaya da oba-oba, rediyon magana, a hannu, wanda in an zo hawa ko kwana yake sauka ya bi gefen kaya a ƙasa yana yi mana ƙirge. Ɗaya, biyu, uku, a saki birki. Ɗaya, biyu, uku, a canza giya. Alheri ɗaya zan faɗa a kansa, daga shi ba ƙari: ya iya aikin. Daga kukan inji kaɗai yake gane wanda ƙafarsa ta makara.

Sai dai motocin ba nasa ba ne, abin da ya hana shi sukuni ke nan. In mai kamfani ya zo duba kaya, Madugu zai rusuna kamar zai sumbaci ƙasa, mutumin na juya baya ya tofar da yawu. Ba yunwa yake ji ba. Yana da gida mai ɗaki huɗu, yana da ƙanwata da ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, ga tsohuwarsa da ranta, ga babban ɗansa Dogo da ya fara riƙe sitiyari, ga 'yarsa Auta tana karatu. Duk wannan a idonsa ba komai ba ne tunda ba a rubuta sunansa a ƙofar mota ba.

Wani dillalin tayoyi ne ya raɗa masa labarin bokan. Abin da ya faru a can daga bakin Madugu na ji daga baya, a ranar da ba shi da zaɓi sai ya faɗa.

Da rana tsaka ya tafi, zuwa wata tsohuwar ma'aikatar fasa dutse da aka daɗe da rufewa. A jikin dutsen akwai ɗakin da aka haƙa don ajiyar nakiya, ƙofarsa ta ƙarfe ce, tsatsa ta cinye gindinta. Yana shiga zafin rana ya yanke, wani sanyi mai ƙarnin jini da warin ƙonannen mai ya rufe shi. Sarƙoƙi ne rataye daga rufi, kowace an ɗaura mata jan tsumma da gashi, suna kaɗawa a hankali alhali ba iska. A tsakiyar ɗakin an kafa wani tsohon sikeli mai faranti biyu, ƙasan sa baƙi ƙirin saboda abin da aka sha zubarwa. Bokan kansa ɗan guntun mutum ne cikin farar riga mai guga, farcensa a yanke, ka rantse ma'aikacin ofis ne.

Madugu ya zayyana bukatarsa ba kunya. Yana so kayan da kai huɗu ke ja shi ya ja su da biyu, hawa ya zame masa shimfiɗa, masu kwangila su riƙa nemansa.

Bokan ya ce, “Wannan mai sauƙi ne. Amma nauyi ba ya ɓacewa. Wuya ake sauya masa.”

“Wuyan wa?”

“Na masu ci daga hannunka.”

Madugu ya yi lissafinsa na ɓarawo. A ransa ya ce ai in ya yi motoci, direbobi ne za su ci a ƙarƙashinsa. Ya tuna da ni, ya tuna da sauran da muka yi shekaru muna kwana a ƙarƙashin tirela ɗaya da shi, bai ji ko ɗar ba.

Ya ce, “In ɗaya ya faɗi ai ana samun wani. Mutum nawa?”

“Kai za ka yanke. Gwargwadon abin da ka ɗora, gwargwadon abin da za su ɗauka. Ka ji abin da na ce?”

“Na ji.”

Sau uku bokan ya maimaita tambayar, sau uku gogan ya ce ya ji. Aka ce ya dawo da zoben sarƙa ɗaya daga cikin wadda ake ɗaure kaya, da baƙin bunsuru, da ludayin da ake raba abinci da shi a gidansa. Ko jaki aka ce ya kawo ludayin gidansu zai tsaya ya kaɗa kunne. Madugu kuwa washegari ya shiga madafar ƙanwata ya sunkuce shi a aljihu.

Da ya koma, bokan ya sa zoben sarƙa a faranti ɗaya, ludayin a ɗayan. Ƙarfen ya rinjaya kamar yadda ya kamata. Ya yanka bunsurun a gindin sikelin, ya tsaga babban yatsan Madugu, ya ɗiga jinin a cikin ludayin yana gunguni da wani harshe. A hankali farantin ƙarfen ya fara tashi, na ludayin yana sauka, har ya daki ƙasa da wata ƙara da ta sa sarƙoƙin rufi suka ɗauki kuka. Ya naɗe wata 'yar laya ya cusa a bayan oba-oban Madugu, inda batir ke zama, ya ce ya tashi ya tafi, an gama.

Ba a yi wata ba dama ta samu. Kai biyu na kamfani suka lalace ana gobe za a ɗauki wani injin ba da wuta, mai kayan yana ta kumfar baki. Madugu ya ce shi zai kai da biyun da suka rage. Muka ce ya haukace. Ya kai, har da ragowar yini. Daga nan masu kaya suka fara tsallake mai kamfani suna kiransa a gefe. Ya fara da motocin haya, ya sayi ɗaya, ya sayi uku. Cikin shekara uku yana da kai goma sha ɗaya, da fili mai katanga, da gidan bene, da suna a rubuce da ruwan zinariya a kowace ƙofar mota. Tumbi ya fito, gaisuwa ta koma ɗaga yatsa. Ni ma na koma aiki a wurinsa saboda ƙanwata.

Mu na baya mu muka fi sanin akwai wani abu. Mai turawa yana jin nauyin kaya a cinyarsa da ƙashin bayansa. Amma da Madugu ya fara ƙirge a gindin hawa, sai in ji kayan suna guje mini, ƙafata ko rabin totur ba ta kai ba. Tsakanin ɗaya da biyu kuma, a cikin oba-oba, sai a ji wani nishi can ƙasa-ƙasa. Muka ce batir ne. Mai iyali ba ya son tambayar da za ta raba shi da aiki.

Tsohuwarsa ce ta fara. Ranar muna hawan wani dogon tudu da tukunyar masana'anta mai girman ɗaki biyu. Ƙanwata ta ce tsohuwar na zaune a inuwa tana tsince hatsi, sai kawai ta duƙe, goshinta ya kusa taɓa tire. Gumi ya jiƙe ta sharkaf, tana roƙon a sauke mata abin da aka ɗora mata a baya. Suka duba, ba komai. Da na kwatanta lokacin daga baya, daidai sanda muka kai ƙarshen tudun ta cika. 'Yar tsohuwar da jikarta ke iya ɗagawa, ranar sai da maza shida suka yi nishi kafin su ɗaga gawarta.

Daga ranar ya san wuyan da aka sauya wa nauyin. Ya yi kuka har da majina a gaban masu ta'aziyya, wata na zagayowa ya ƙaro kai biyu.

Sai ya ɓullo da wata muguwar dabara. Ya sa aka kafa rumfa a gareji, kullum da rana a kawo manyan kuloli daga gidansa, ya tsaya da kansa yana zuba wa direbobi da bakanikai kyauta. In ka ce ka ƙoshi ransa ya ɓaci. Muka ci, muka suɗe hannu, muka yi ta sa masa albarka, ashe turke yake kafa mana. Ni har ƙari yake yi mini, yana cewa Kawu ai kai na gida ne. Ba wanda ko ciwon kai ya yi a cikinmu. Da ya koma ya yi ƙorafi, bokan ya yi dariya ya ce direba guminsa yake ci, ko a kwanon wa aka zuba masa.

Mai hankali a nan zai tsaya. Shi kuwa sai ya ce a ransa zai riƙa ɗaukar matsakaitan kaya, mutanen gida su ɗan ji jiki su warware. Haka aka yi wata da watanni. Duk ranar da muke hanya ƙanwata tana kwance da ciwon baya, Auta tana haki kamar mai asma, shi kuma yana kai su asibiti mafi tsada a gari ana yaba masa. Har aka kawo masa wasu ƙarafan gada da kowa ya ƙi ɗauka, aka kuma faɗi abin da za a ba shi. Nan matsakaici ya fita daga kansa.

Dogo ne a kai na farko ranar. Saurayi ne mai shekara ashirin da huɗu, mai yawan dariya, an kusa bikinsa, har lokacin a gidan uban yake ci. Mun kai tsakiyar hawa, uban yana tafe a gefen kaya da oba-oba a baki, ya ce ɗaya. Sai muryar Dogo ta shigo, a shaƙe.

“Baba, ya yi nauyi.”

Duk mun ji. Ina hango Madugu ta gilashi, ya tsaya cak, ya dubi motar ɗansa, ya dubi sauran tudun da bai fi taku ɗari ba. Da ya ce a taka birki a sa katako a bayan tayoyi, da mun tsaya. Ya ɗaga oba-oban ya ce biyu. Ya ce uku.

Kaya suka hau lafiya. Da aka buɗe ƙofar motar, Dogo na kife a kan sitiyari, ƙirjinsa ya lotsa ciki kamar an bi ta kansa da taya. Motar ko ƙwarzane babu.

Ƙanwata ba ta yi kuka ba. Bayan kwana uku aka same ta a tsakar gida ta kafa tafin hannu biyu a jikin katanga tana turawa, tana ƙirga ɗaya, biyu, uku. In an janye ta sai ta koma. Tafukan suka sassale har suna jini. Ta daina shiga madafa, in ta ga an miƙa wa Auta kwano sai ta kai masa duka ya zube. Likita ya ce baƙin ciki ne, Madugu ya gyaɗa kai ya sayi magani.

Ana cikin haka ya kira ni ofis, ya sa aka kawo mini lemo mai sanyi. Ya ce gidan ya yi wa Auta girma, me zai hana in ba shi 'ya'yana mata biyu su zauna da ita, ci da sha da makaranta duk a wuyansa. Har na yi godiya. Na biya ta gidan don in duba ƙanwata, na same ta a jikin katangarta. Na kira ta da sunan da nake kiranta tun tana goye. Ta juyo, idonta ya washe na ɗan lokaci, ta damƙe mini hannu.

“Yaya, kada ka bar kowa ya ci a gidan nan. Shi ya ɗauke ludayina. Tun ranar nake jin abu a bayana.”

Na koma gareji, na ɗauki sifanar taya, na shiga ofishinsa na murza makulli. Ban taɓa shi ba, ajiye ta kawai na yi a kan tebur. Duk abin da na ba ku labari a sama, ranar ya amayar da shi, yana kuka yana cewa yaudararsa aka yi, shi direbobi ya nufa. Wato a gabana, ni direbansa, yake kafa wannan hujja don in tausaya masa. Na tambaye shi 'ya'yana fa. Ya sunkuyar da kai ya ce akwai wata babbar kwangila da ya riga ya sa hannu, in aka raba nauyin a kan mutum huɗu wataƙila ba wadda za ta mutu.

Da la'asar ɗin ranar na kwashe ƙanwata da Auta zuwa gidana. Auta ta yi gardama, don tana son ubanta, sai da na zaunar da ita na faɗa mata yadda yayanta ya mutu. Ta cire 'yan kunnen da ya saya mata ta ajiye a kan kujera, ta bi ni da kayan jikinta. Ya aiko da buhunan abinci na mayar. Ya aiko da kula da dafaffen abinci wai na marar lafiya, na juye a kwata a gaban ɗan aiken. Tsofaffin direbobi bakwai suka ajiye makulli tare da ni.

Bai fasa ba. Kayan wani inji ne na tashar wuta, irin wanda kai shida ke ja da addu'a, shi kuwa ya yi alkawari da uku. Ya ɗebo sababbin direbobi. Na bi su a ƙaramar motata har gindin tudun, na ce wa yaran kada su hau. Suka yi mini dariya, suka ce baƙin ciki ne irin na wanda aka kora. Na samu na ja direban motar baya gefe, na ce in ya ji ƙarar ƙarfe kada ya tsaya taka birki, ya buɗe ƙofa ya yi tsalle.

Rana tana tsaka, kwalta tana narkewa. Madugu ya fito cikin sabuwar riga, ya yi ƙirge, kaya suka ɗaga. Sun yi kamar kashi ɗaya cikin uku na tudun sai na ga tafiyarsa ta canza, yana jan ƙafa, kafaɗunsa suna sauka. Bai yi tunanin cewa a duk duniya saura mutum ɗaya ke ci daga hannunsa ba, wato shi kansa. Ya ce ɗaya, ya durƙusa. Ya ce biyu, ya kife a kan kwalta. Uku ba ta fito ba.

Direban farko ya canza giya don ya ɗauka uku na tafe, na biyu yana jira, na baya ya ɗaga ƙafa. Sandar gaba ta tsinke da ƙara kamar aradu, kai na farko ya yi gaba shi kaɗai. Injin ya dawo da nauyinsa na gaskiya gaba ɗaya. Tirela ta ja kai na biyu da baya, tayoyi suna fashewa ɗaya bayan ɗaya, ta murƙushe motar turawa ta mayar da ita kamar gwangwani, ta karya shingen gefen hanya ta gangara kwari. Direbobin biyu sun yi tsalle, ɗaya ya rasa ƙafa, yaron da bai ci ba bai sha ba.

Shi Madugu ko ɓarɓashin ƙarfe bai taɓa shi ba, amma ƙashin bayansa ya karye gida uku.

Abin da ya biyo baya bai ɗauki wata shida ba. Masu injin suka kwashe motoci, aka sayar da benen, aka goge sunansa daga ƙofofi. Yanzu yana wani ɗan ɗaki a bayan tsohon garejin, inda dā ake ajiye tsofaffin tayoyi, kwance rubda ciki don ba ya iya juyawa. Duk wanda ya leƙa sai ya roƙe shi ya sauke masa abin da ke bayansa. Auta ce kaɗai ke zuwa, takan kai masa abinci ta ba shi a baki, ta wanke shi ta dawo. Ban hana ta ba, ubanta ne. Ni dai ƙafata ba ta taka wurin ba, ba kuma za ta taka ba. Ƙanwata tana ɗakin matata, mun manna katifa a bango don hannuwanta.

Bokan kuwa yana nan lafiyarsa lau, an ce har layi ake yi a ƙofarsa, manyan mutane masu ƙamshin turare. Kowannensu yana shiga da tabbacin ya fi na gabansa wayo, kowannensu kuma ya riga ya zaɓi wanda zai mutu a madadinsa. To ku ji daga bakin wanda ya binne ɗan ƙanwarsa: dukiyar da aka ce za ta zo ba gumi, gumin wani za ta sha, ba kuma na bare ba, na wanda ya fi kusa da kai. In kwaɗayi ya fara raɗa maka cewa abin da kake da shi bai isa ba, shiga gida ka dubi fuskokin da ke jiran ka dawo, ka tambayi kanka wanne za ka fara bayarwa. In har ka samu amsa, kada ka ɓata kuɗin mota zuwa wurin boka, ka riga ka lalace tun a gida.